SAUYIN YANAYI DA LAFIYAR JAMA'A: ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'ar Nijeriya wata doka da Majalisar Dokoki ta Tarayya ta zartar, Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa mata hannu cikin watan Nuwamba na shekarar 2021, watau Dokar Sauyin Yanayi. Mutane da yawa sun ji labarinta a rediyo, suka ɗauka zance ne na masana da masu zuwa taro a ƙasashen Turai, bai shafi manomi a Gumel ba, ko masunci a Yawuri, ko mai sayar da shanu a Legas. Wannan kuwa kuskure ne babba. In aka bi sawun sauyin yanayi daga sama har ƙasa, za a tarar a ƙofar asibiti yake ƙarewa. Saboda haka ya kamata kowa ya san abin da dokar ta tanada, da abin da ta bari a baya, da kuma wanda nauyin cike gurbin ya rataya a wuyansa.

MENE NE SAUYIN YANAYI?

Allah Ya lulluɓe duniya da iska kamar yadda mutum ke lulluɓa da bargo. Zafin rana yana saukowa ƙasa, wani ya koma sama, wani kuma waɗansu iskoki da ke cikin sarari su tare shi. Ba domin wannan tarewa ba, da sanyi ya hana masu rai sakewa a bayan ƙasa. Ɗaya daga cikin manyan iskokin nan ita ce iskar kabon, wadda ke fita duk sa'ad da aka ƙona kwal, ko man fetur, ko gas, ko itace. Tun da aka kafa manyan masana'antu a Turai, yau shekara fiye da 200 ke nan, ake ta ƙona waɗannan abubuwa ba ƙaƙƙautawa, ana kuma sare dazuzzukan da ke shanye iskar. Masana sun auna, sun tarar a da iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar sarari, yanzu kuwa ta haura kashi 420. Watau bargon ya ƙara kauri, zafin da ya kamata ya fita ya kasa fita.

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar cewa shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, har ɗumin duniya ya zarce na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.5 a ma'aunin Salshiyas. Wani zai ce, digiri ɗaya da rabi me zai yi? Duk uwar da ta taɓa kai yaro wurin malamin asibiti ta san amsa. In ma'auni ya nuna 37 sai a ce lafiya lau, in ya nuna 38 da rabi sai a ce zazzaɓi ne, a nemi magani.

Ba ana cewa fari da ambaliya baƙi ne a ƙasar nan ba. Tarihi bai manta da yunwar Kakalaba ta 1914 ba, dattawa da yawa kuma sun ga farin 1973 da na 1984 da idanunsu, lokacin da dabbobi suka yi ta faɗuwa a ƙasar Borno da Kano da Sakkwato. Abin da ya sake shi ne yawan aukuwa da tsanani. Damina takan makara, in ta zo kuma sai ruwan da ya kamata ya rabu cikin makonni ya zuba a kwana biyu. Bazara ta ƙara zafi, dare ma ba ya hucewa kamar da. Hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa bai kai kashi 1 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba, amma tana cikin ƙasashen da ke ɗanɗana kuɗarsu ƙwarai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

YADDA ABIN KE ISA JIKIN MUTUM

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2030 da 2050 sauyin yanayi zai riƙa jawo ƙarin mutuwar mutum kimanin 250,000 kowace shekara a duniya, ta hanyoyi huɗu: tamowa, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da bugun zafi. Dukan huɗun nan Nijeriya ta san su farin sani.

Ruwa ne ya fi saurin nuna kansa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A ta 2022 mutum fiye da 600 suka rasu, fiye da miliyan 1 suka rasa matsuguni, tun daga Jigawa har Bayelsa, garin Lakwaja kuwa, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, ya koma kamar gulbi. Masana daga ƙasashe dabam-dabam da suka binciki ruwan wannan shekara sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara masa ƙarfi. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri, har ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'a ya lalata kayan aiki. Inda za a kai majinyaci shi kansa ya zama mai neman agaji. Cikin watan Mayu na 2025 kuma ruwa ya afka wa garin Mokwa a Jihar Neja, ya kashe mutum fiye da 150. Gaskiya ne ba yawan ruwan sama kaɗai ya jawo waɗannan asarori ba. Tsufan madatsu, da toshewar magudanai, da gini a kan hanyar ruwa duk suna da nasu kaso. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwan da ke ƙara nauyi kuwa ba tsagar da za ta ɓuya masa.

Lissafin waɗanda ruwa ya ci shi akan ji a rediyo. Wanda ba a cika ji ba shi ne na makonnin da ke biyo baya. Ambaliya takan kwashe abin da ke cikin masai da juji ta zuba a rijiya, mutane kuma su taru ɗaruruwa a makaranta guda, da randa ɗaya da bayan gida ɗaya. Nan cutar amai da gudawa, watau kwalara, ke samun gindin zama. Wata guda bai cika ba bayan ambaliyar Maiduguri Gwamnatin Jihar Borno ta ba da sanarwar ɓarkewarta. A shekarar 2021 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ta lissafa mutum fiye da 110,000 da ake zaton sun kamu da ita, fiye da 3,500 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Abin takaici shi ne cuta ce da ake karya lagonta da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri da sukari, in an yi hanzari.

In ruwa ya janye sai ya bar kududdufai, sauro ya hayayyafa. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, ƙananan yara da masu ciki ne kuma suka fi jin jiki. Ɗumi yana sa ƙwayar cutar ta nuna da wuri a cikin sauron, shi ya sa masana ke tsoron wuraren da sanyi ke ragewa cutar ƙarfi, kamar tsaunukan Jos da Mambila, su ma za su ƙara shiga hannunta. Har macizai ruwa yakan koro daga ramukansu zuwa gonaki da gidaje; ma'aikatan asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe sun san aikinsu yakan ƙaru da damina da lokacin girbi.

Rani ma da tasa cutar. Arewacin Nijeriya yana cikin yankin da likitoci ke kira ɗamarar sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Busasshiyar iska da ƙura sukan raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta sami hanyar shiga jini, cunkoso a ɗaki marar taga kuma ya watsa ta. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Ta 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara da maƙwabtanta, ta kashe fiye da 1,000. Sanƙarau ya riga sauyin yanayi zuwa, amma duk abin da ke tsawaita rani ya ƙara ƙura, ya tsawaita masa kwana ke nan.

Shi kansa zafin kisa yake yi, ko da yake ba a cika rubuta sunansa a takardar asibiti ba. Lebura a bakin gini, da manomi, da tsoho mai hawan jini, da mace mai ciki a ɗakin kwano, jikinsu yakan rasa ruwa, zuciya da ƙoda su wahala. Zafi yana lalata allurar rigakafi in firji ya rasa wuta. Sa'an nan ga batun ciki: in fari ya ƙone gero, ko ruwa ya shanye shinkafa a fadama, farashin mudu ya tashi, yaran da aka yaye su ne na farko da tamowa ke kamawa. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980, masunta da makiyaya suka watsu neman abinci, aka shiga takun saƙa a kan ruwa da burtali.

Akwai kuma hayaƙi, wanda ya kamata a kula da shi musamman, domin ɓarnarsa biyu ce. Hayaƙin da ke hawa sama yana ɗumama duniya, shi ne dai wanda ke shiga huhu kafin ya hau. Mace mai girki da itace a madafi marar iska, da goyo a bayanta, tana shaƙarsa safe da yamma. Mutanen yankin Neja Dalta suna kwana suna tashi kusa da harshen wutar gas da ake ƙonawa a filayen mai. Tun ƙarshen 2016 mazauna Fatakwal suka fara kuka da baƙin toka da ke sauka a kan tufafi da cikin hancin yara. Duk dokar da ta rage hayaƙi, to ta yi maganin tari da ciwon huhu tun yau, tun kafin amfaninta ga yanayi ya bayyana.

DOKOKIN DA SUKA GABATA

Nijeriya ba ta fara dokar kare muhalli da gaske ba sai da wuya ta yi wuya. A shekarar 1988 aka gano cewa jiragen ruwa daga Italiya sun jibge dubban gangunan guba, fiye da tan 3,000, a wani fili a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu ke cikin Jihar Dalta. Ma'aikatan da suka kwashe su waɗansu sun yi rashin lafiya. Gwamnatin Mulkin Soja ta sa aka mayar da gubar inda ta fito, ta kafa doka ta 42 ta wannan shekara wadda ta yanka ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, ta kuma kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya da doka ta 58. A 1992 aka ƙara dokar da ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma hukumar NESREA mai tilasta bin ƙa'idojin muhalli.

Labarin dokar gas ya cancanci a tsaya a kansa, domin akwai darasi a ciki. Tun 1979 aka yi doka cewa daga ran 1 ga Janairu, 1984, kamfanonin mai su daina ƙona gas a sarari sai da izinin Minista. Ranar ta zo ta wuce. Aka koma karɓar tara, tarar kuwa da farko kwabo 2 ce a kan kowane ƙafa dubu na gas, abin da kamfani zai biya bai ko ji a jikinsa ba. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Binin, a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar a madadin mutanen Iwherekan, ta yanke hukunci cewa ƙona gas ya saɓa wa 'yancin rayuwa da mutuncin ɗan Adam da Tsarin Mulki ya tabbatar. Duk da haka wuta ba ta mutu ba. Sai a 2018 aka ɗaga tarar zuwa dala 2 ga manyan kamfanoni, Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 kuma ta ce kuɗin tarar a yi amfani da su wajen gyara muhalli da taimakon al'ummomin da abin ya shafa. Gas ɗin da ake ƙonawa ya ragu a kan na shekarun baya, amma rahotannin Bankin Duniya sun ci gaba da sa Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi ƙonawa. Shekara fiye da 40 ke nan da cikar wa'adin farko. Duk mai son ya san bambancin rubuta doka da aiki da ita, ya dubi wannan.

Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wajibi ne hukuma ta kare muhalli, ta kiyaye ruwa da iska da ƙasa da daji da namun daji. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda Tsarin Mulkin da kansa ya ce ba a kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake bukatar doka ta musamman.

YADDA AKA SAMI DOKAR 2021

Nijeriya ta shiga yarjejeniyar sauyin yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya wadda aka ƙulla a birnin Riyo na Birazil a 1992, ta kuma amince da Yarjejeniyar Paris ta 2015, inda ƙasashe suka yi alkawarin riƙe ƙarin ɗumin duniya ƙasa da digiri 2, da ƙoƙarin kada ya wuce 1.5. Amma yarjejeniyar waje ba ta zama dokar gida sai Majalisa ta mai da ita doka. Birtaniya ta yi tata dokar tun 2008, Kenya a 2016. A nan gida tafiyar ta yi tsawo. Wajen 2010 majalisun biyu suka zartar da ƙudurin kafa hukumar sauyin yanayi, bai sami sa hannun Shugaban Ƙasa ba. A Majalisa ta Takwas wakilin mazaɓar Ikwuano da Umuahia ta Jihar Abiya, Sam Onuigbo, ya kawo wani ƙuduri, aka zartar, shi ma aka dawo da shi saboda waɗansu gyare-gyare. Ya sake kawo shi a Majalisa ta Tara, Majalisar Wakilai da ta Dattawa suka amince cikin 2021. A farkon Nuwamba na shekarar, a taron duniya na Gilasgo, Shugaban Ƙasa ya yi alkawarin cewa kafin 2060 hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa ba zai fi wanda take shanyewa ba. Da dawowarsa ya sa wa ƙudurin hannu.

ABIN DA DOKAR TA ƘUNSA

Dokar ta kafa Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa, wadda Shugaban Ƙasa da kansa ke shugabanta, Mataimakinsa na mataimaki. A cikinta akwai ministoci da dama, da Gwamnan Babban Banki, da Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa, da Shugaban Ƙungiyar Gwamnoni, da Shugaban Ƙungiyar Ƙananan Hukumomi, da wakilan 'yan kasuwa, da mata, da matasa, da naƙasassu, da ƙungiyoyin kare muhalli. An ɗora Shugaban Ƙasa a kai ne don kada wata ma'aikata ta ce wata ba ta isa ta ba ta umarni ba. Majalisar tana da ofishin zartaswa ƙarƙashin Babban Darekta, da jami'ai a shiyyoyi shida da jihohi. A 2022 aka naɗa Dokta Salisu Dahiru Babban Darekta na farko, aka kuma ƙaddamar da Majalisar cikin Satumba na wannan shekara.

Ginshiƙin dokar shi ne abin da za a iya kira kasafin hayaƙi. Kamar yadda magidanci ke auna hatsin rumbu ya san abin da za a ɗiba kowane wata, haka Ma'aikatar Muhalli tare da ta tsare-tsare za su ƙayyade iyakar hayaƙin da ƙasa za ta fitar cikin kowace shekara biyar, da nufin a kai ga daidaito tsakanin 2050 da 2070. Tare da shi akwai Shirin Aiki na Ƙasa, shi ma na shekara biyar-biyar, wanda zai nuna yadda za a rage hayaƙi da kuma yadda za a kare jama'a daga illar da ta riga ta iso. Dokar ta ce lalle a baje shirin a fili jama'a su faɗi ra'ayinsu kafin a amince da shi.

An kuma kafa Asusun Sauyin Yanayi, wanda kuɗinsa za su fito daga kasafin da Majalisa ta yi, da gudummawar waje, da tarar masu karya doka, da harajin hayaƙi. Cikin ayyukan asusun akwai wayar da kan jama'a da binciken yadda abin ke shafar al'ummomi masu rauni. Kowace ma'aikata da hukumar gwamnati an wajabta mata buɗe sashen kula da sauyin yanayi ƙarƙashin babban jami'i. Kowane kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye dole ya naɗa jami'insa, ya kawo rahoto kowace shekara. An ce a sa darasin sauyin yanayi cikin manhajar makarantu. Wani sashe mai muhimmanci kuma shi ne wanda ya ba kotu iko ta hana duk aikin da ke cutar da muhalli, ta tilasta wa jami'in gwamnati ya ɗauki mataki, ta kuma sa a biya diyya ga wanda aka cuta.

INDA DOKAR TA TSAYA

Ba a ɓoye wa jama'a gaskiya. Dokar 2021 ta fi mai da hankali ga lissafin hayaƙi da tsarin mulki da kuɗi, batun asibiti da cuta kuwa sai dai ya shigo ta ƙofar shirin kariya. Cikin ministocin da ta lissafa a matsayin 'yan Majalisar akwai na muhalli, da man fetur, da kuɗi, da noma, da wutar lantarki, da ruwa, da sufuri, da harkokin mata, amma ba ta ambaci na lafiya ba. Ga duk wanda ya karanta abin da aka bayyana a baya game da kwalara da sanƙarau da tamowa, wannan gurbi ne da ya kamata 'yan Majalisar Tarayya su duba in an zo yi wa dokar gyara. Duniya ma ta makara a nan: sai a taron Dubai na 2023, watau na 28 a jerin tarurrukan sauyin yanayi, aka fara keɓe rana guda domin batun lafiya.

Kafin a kai ga gyara, akwai waɗansu dokoki da ke riƙe da wannan ɓangare, sai dai a warwatse suke. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, watau ƙananan asibitocin da talaka ke fara zuwa. Dokar 2018 ta ba Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa cikakken matsayi na sa ido a kan annoba. Dokar 2015 ta kafa hukumar Babbar Katangar Itatuwa domin tare hamada a jihohi 11: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, har da gargaɗin zafi da sauro da sanƙarau. Hukumar kula da koguna takan fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Hukumar NEMA kuma ita ke kai agaji. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na sanƙarau, cikin Disamba na shekarar kuma aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro ga yara a Kebbi da Bayelsa.

Matsalar ita ce igiyar da za ta ɗaure waɗannan wuri guda. Hasashen da aka karanta a Abuja cikin Fabrairu ba shi da amfani sai ya sa an kai magani da sinadarin tsabtace ruwa ƙaramin asibitin da ke bakin kogi kafin Agusta, an yashe magudanai, an duba madatsu, an shirya inda za a sauke mutane da bayan gida isasshe. Wannan ɗauri shi ne aikin da Shirin Aiki na Ƙasa ya kamata ya yi, da shi ne kuma jama'a za su auna Majalisar Sauyin Yanayi.

Har wa yau, yawancin aikin ba na Tarayya ba ne. Tsarin Mulki ya ɗora kwashe shara da kula da bayan gida na jama'a a kan ƙananan hukumomi, ya kuma sa su cikin masu kula da lafiya tare da jihohi. Ikon ƙasa da izinin gini a hannun gwamnoni yake. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da akan shiga gida a leƙa randa, in an ga tsutsar sauro a kai maigida gaban alƙali. Ba wanda ke kewar tsoron da ake ji a lokacin, amma aikin da duba-gari ke yi bai tsufa ba. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin a kawo ƙarshen bahaya a fili kafin 2025. Wa'adin bai cika a ƙasa baki ɗaya ba, amma Jihar Jigawa ta cim ma nata tun 2022, ta zama ta farko, abin da ya nuna aikin mai yiwuwa ne in sarakuna da malamai da hukuma suka haɗa kai.

ABIN DA AKE SO JAMA'A SU YI

Ana roƙon jama'a su ɗauki gargaɗin ambaliya da na zafi da muhimmanci in sun ji a rediyo, masu unguwanni da limamai da shugabannin coci kuma su taimaka wajen isar da shi. Wanda gidansa ke kan hanyar ruwa, in hukuma ta ce a tashi, ya tashi. Bayan ambaliya kada a sha ruwan rijiya sai an tafasa ko an sa masa magani. In gudawa ta kama mutum, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a yi ta ba shi a hanyar zuwa asibiti. A kai yara rigakafi, a kwana cikin gidan sauro, a buɗe tagogi da rani. Masu aikin ƙarfi su nemi inuwa in rana ta take, su yawaita shan ruwa. Wanda ya sami halin komawa girki da gas ko murhu mai cin itace kaɗan, ya yi, wanda ya sare itace kuma ya dasa wani ya kula da shi har ya kama.

Bayan wannan akwai haƙƙin da dokar ta ba ɗan ƙasa, wanda mutane kaɗan suka san da shi. Al'ummar da wani kamfani ko wata hukuma ke gurɓata wa iska ko ruwa tana da damar zuwa kotu ta nemi a hana, ta nemi diyya. In an baje Shirin Aiki domin jin ra'ayi, ƙungiyoyin manoma da makiyaya da masunta da ma'aikatan lafiya suna iya rubuta nasu su aika. Kowace mazaɓa kuma tana da wakili a Majalisar Jiha da ta Tarayya, su ne ke duba kasafin kuɗi a ƙarshen kowace shekara. Lokacin ne ya dace mutanen gari su tambayi wakilinsu nawa aka ware domin gyaran madatsar yankinsu, da yashe magudanai, da rijiyoyin burtsatse, da firjin allura mai aiki da hasken rana a asibitinsu, su kuma nemi a nuna musu a rubuce, tun da sauran watanni kafin ruwan farko ya sauka.